Na gama injiniyan lantarki a Jidda: Yanbu ko gida?

Ɗan Hindawiyya:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. A Makka aka haife ni, fasfona na Najeriya ne. Bana na gama digirin injiniyan lantarki a Jami'ar Sarki Abdul'aziz da minha, wato tallafin karatu. Iƙamata, wato izinin zamana a Saudiyya, tana ƙarƙashin Baba, kuma saura wata biyar in cika 25, dole in fita daga kansa. Wata sharikar 'yan kwangila a Yanbu ta ce za ta ɗauke ni riyal 3,500 da ɗakin kwana, amma mihnar, wato sana'ar da za su rubuta a iƙama, fanni (teknishiyan) ce, ba muhandis (injiniya) ba. Kawuna kuma ya ce in taho Kano in yi bautar ƙasa. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya ba ni shawara, barci ya gagare ni.

Maman Hanan:
Wa alaikumus salam ɗana. Ka nemi jami'ar KAUST da ke garin Suwal ka yi digiri na biyu, su ke biyan komai har da kuɗin kashewa. Allah ya yi maka albarka.

Ɗan Hindawiyya:
Amin Mama. Makina bai kai ba, kuma wata biyar ɗin ne ke damuna.

Abu Yasir:
Ƙanena, kada ka yarda da fanni. Ni abin da ya cinye ni ke nan. Na shiga wata sharika a Jubail, suka ce wata shida za su gyara mihna. Shekara shida na yi. Ni ke zana layin wuta, ni ke tsayawa kan taransifoma da tsakar rana, hular kwano ta yi zafin da ba ka iya taɓa ta, wani kuma ya zo da biro ya sa hannu a matsayin muhandis. Ranar da na nemi takardar gogewa, fanni suka rubuta. Na zauna cikin mota ina kallon takardar, wallahi sai da na yi hawaye. Duk inda na kai ta, albashin fanni suke yanka mini. Kuma ka san dalili? A Yulin 2024 aka sa dokar cewa sharikar da ke da injiniyoyi biyar zuwa sama dole kashi 25 cikin ɗari su zama 'yan ƙasa. In suka rubuta ka fanni, ba ka shiga lissafin injiniyoyinsu ba.

Baba Injiniya:
Abu Yasir ya faɗi gaskiya. Ka fara rajista da Hai'ar Injiniyoyi ta Saudiyya, sai da ita ake rubuta muhandis. In gida ka zaɓa, ma'aikatar ilimi a Abuja za ta tantance takardunka tukuna, sannan bautar ƙasa shekara ɗaya, sannan rajista da COREN, hukumar injiniyoyi ta Najeriya. Alawus ɗin bautar ƙasa naira 33,000 ne.

'Yar Fagge:
Baba, wannan tsohon labari ne, an mayar da shi 77,000. Ƙanwata na karɓa.

Baba Injiniya:
To 'yata. Amma shekara 30 na yi a wannan aiki, wanda bai taɓa riƙe testa ba ya saurara.

'Yar Fagge:
Ban raina ka ba Baba, amma yaushe rabonka da Kano? Mu muke zaune da injiniyoyin nan, rabinsu sola suke haɗa wa mutane, kuma suna samu.

Na Shara Mansur:
Muhandis, kafin ka tafi ko'ina ka biyo ka duba mukayyif ɗinmu, na'urar sanyaya ɗaki, kwana uku yana hura wuta.

Abu Yasir:
3,500 ma zalunci ne. Ni da 4,500 na fara.

Sarkin Taya:
Ina? Ɗan maƙwabcina 2,800 aka ba shi bara, babu ɗaki. Ni dai abin da zan ce, ka kiyayi mu'aƙƙibai, masu bin takardun mutane a ofisoshin gwamnati. Wani ya karɓi riyal 6,000 a hannuna don naƙalin kafalar ɗana, wato mayar da iƙamarsa ƙarƙashin wani, wata takwas ke nan wayarsa a kashe.

Maman Hanan:
Innalillahi! Mu 4,000 muka ba wani, shi ma shiru. Ko mutum ɗaya ne? Dogo, mai farar Hilux?

Ɗan Hindawiyya:
Allah ya mayar muku da alheri. Yaya Abu Yasir, in suka yarda suka sa alƙawarin canza mihna cikin kwantiragi a Qiwa, shafin ma'aikatar ƙwadago, in sa hannu? Alhamis suke jiran amsa.

Sarkin Taya:
A'a Hajiya, nawa gajere ne. Turo mini lambar naki ta akwati in gwada.