Mai kula da ƙanwata tana saka ta a TikTok, ya zan yi?

Salam 'yan uwa, admin don Allah a ɓoye sunana. Ƙanwata ce shekararta 17, ciwon shawara ne ya taɓa mata ƙwaƙwalwa tun tana jaririya, ba ta tafiya, ko cokali ba ta iya riƙewa amma tana gane komai, tana magana a hankali. Mun ɗauki wata mata tana zuwa kullum tana mata wanka da ba ta abinci, to jiya maƙwabciyarmu ta turo min bidiyo, ga yarinyar nan ana ba ta kunu yana zuba mata a wuya, an ɗora kiɗa mai ban tausayi, a ƙasa kuma lambar akawun ɗin matar ce. Mama ta ce a ƙyale ta don samun mai haƙuri irinta da wuya. Ni kuma raina ya ɓaci wallahi.

Maman biyu: Haƙurin me? Wannan ai bara take yi da ita. Ku sallame ta yau.

Anti daga Melbourne: Ni aikin nan nake yi a Ostiraliya. Tun 2018 akwai ƙa'idojin aiki na NDIS, wato tsarin gwamnati na tallafa wa masu buƙata ta musamman, da suka hau kan ma'aikaci da kamfanin da ya ɗauke shi, a ciki har da kare sirrin mai buƙata ta musamman da mutunta abin da shi ya zaɓa wa kansa. Hoto ko ɗaya ba na ɗauka sai da izini, in aka kai ƙara hukumar da ke sa ido kan aikin na iya hana mutum aikin gaba ɗaya. Amma 'yar uwa kin tambayi ita yarinyar? Kin ce tana gane komai, ta yiwu tana jin kunyar abin ta rasa wa za ta faɗa wa.

Wani ɗan uwa: A nan ma dokar da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta haramta amfani da mai nakasa wajen bara, tarar naira dubu 100 ko ɗaurin wata shida. Ki yi sikirinshot kafin ta goge.

Hajiya: Kar ku yi gaggawar kora, ku zaunar da ita gaban Mama ta goge, ta faɗi nawa aka turo. Sannan ku rubuta sharaɗi, ba waya lokacin wanka, ba karɓar kuɗi da sunan yarinya. Nawa ma kuke biyanta? In albashin ne bai kai ba ku gyara, in ta sake kuma ta kama gabanta.