Wa ya taɓa zuwa kufan Maya na cikin daji?

Ɗan Unguwar Rimi:
Salamu alaikum jama'a. Wurin aiki za su tura ni kwas Meziko a watan Maris in Allah ya yarda, kuma zan samu sati ɗaya bayan an gama. Tun ina sakandare nake son ganin gine-ginen mutanen Maya, amma ba Chichen Itza ba don an ce cunkoso ya yi yawa, na can cikin daji nake so. El Mirador ne a raina, don Allah wanda ya sani ya ba ni shawara.

Yayanku na Kawo:
Wa alaikumus salam ƙanina. El Mirador fa ba a Meziko yake ba, yana arewacin Guatemala ne, sai ka nemi wata biza daban. Kuma mota ba ta kaiwa, daga ƙauyen Carmelita ake takawa a ƙafa kwana 2 zuwa kwana 2 dawowa, alfadarai ne ke ɗaukar kaya da ruwa a kwana a tanti, da kwana 1 da za a yi a can duka kwana 5 ke nan ban da hanya. Sati ɗaya ba zai ishe ka ba gaskiya.

Ni Calakmul na je, a jihar Campeche, kuma shi zan ba ka shawara. Ka kwana a garin Xpujil ka fita da asuba, don daga babban titi sai ka yi kilomita 60 cikin daji kafin ka isa. Da na hau babbar dalar na duba gabas da yamma ba rufin gida ko ɗaya sai bishiyoyi iya ganinka, ga wasu birai masu gurnani ka rantse zaki ne, wallahi jikina ya yi sanyi, birnin da ya daɗe yana gwabzawa da Tikal, wani babban birnin Maya, har aka ci shi da yaƙi a shekarar 695 yau tsuntsaye ne kawai a ciki. Ka sayi ruwa da yawa tun daga gari.

Maman Hanifa, Barnawa:
Ɗan'uwa ka kula da abinci, sukan soya wake da kitsen alade, manteca suke ce masa, ka tambaya kafin ka ci. Ka tafi da dabino da ƙuli-ƙuli in za a bar ka ka wuce da su, da dogon wando saboda kaska. Sannan mutanen Maya ba su ƙare ba fa, miliyoyi suna nan suna yarensu, kar ka ɗauki hoton kowa sai da izini.

Malamin Tarihi:
Allah ya kai ka lafiya. Amma kafin Maris ka daure ka leƙa Nok a ƙaramar hukumar Jaba, nan jiharmu ta Kaduna, inda masu haƙar kuza suka fara tono mutum-mutumin yumɓu a 1928. In an tambaye ka tarihin garinku a can ka samu abin faɗa.

Ɗan Unguwar Rimi:
Na gode ƙwarai, Calakmul ɗin za a yi. Nok kuma Asabar mai zuwa insha Allahu. Yaya na Kawo, daga Xpujil hayar mota ka yi ko akwai ta haya da ke shiga?