Abin da na tsinta a hirar sayen jita

Jiya da dare a majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura wani ƙanenmu ya ce zai fara koyon jita amma aljihu ba nauyi, sai kowa ya sa baki.

Yawanci dai sun ce ya fara da ta katako, wadda ba ta buƙatar wuta. Ita ta lantarki sai ka haɗa da amfulifaya, wato na'urar ƙara sauti, da waya, kuɗi ya ƙaru, ga wutar tamu kun san halinta. Amma wani yayanmu da ya daɗe yana kaɗawa ya ce ta lantarkin ta fi taushi a yatsa, in ita ransa ke so ya nemi Squier ko Yamaha Pacifica. A ta katako Yamaha F310 aka fi ambata, sai C40 mai tsirkiyar leda, wadda ba ta cin yatsa kamar ta ƙarfe.

Inda aka daɗe shi ne kan na hannu. Yayan namu ya ce kar ka tura kuɗi kan hoto, ka riƙe ta da kanka, ka hango wuyan ko ya lanƙwashe, ka duba tazarar tsirkiya da wuya, don in ta yi sama wallahi sati 2 za ka jefar da ita saboda ciwon yatsa. Ka danna kowane gida, wato tsakanin ƙarafunan da ke jere a wuyan jitar, ka ji ko tana zizza. Sannan hunturunmu na busar da katako har ya tsage, don haka a saya mata jaka, kar a bar ta a mota cikin rana.

Ni dai F310 zan ce wa ƙanen namu.