Hita na cinye batirin sola a gidan ɗalibai, ina mafita?

Hajiya Rabi, Samaru: Salamu alaikum jama'ar zaure. Ina da gidan haya ɗaki 12, duk ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ne a ciki. Bara na sa sola, amma tun shigowar hunturu batir ba ya kai asuba. Ashe hita yaran nan suke tsomawa a bokiti. In ƙaro batir ne?

Injiniya Bashir: Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki ƙara, asarar kuɗi ce. Hita ɗaya kan ja wat 1,000 zuwa 1,500, kamar ki kunna ƙwan LED sama da 100 ne a lokaci guda. Ɗumama bokiti mai lita 20 da sanyin safiya kan ci kusan yunit 0.7 na wutar lantarki, sai ki lissafa da yawan yaranki. Ki sa tankin da rana ke dafa ruwa kai tsaye, mai bututun gilashi. Ba ruwansa da batir. Ruwan da ya yi zafi shi ke hawa tanki da kansa, mai sanyi ya gangaro. Batir kuma a bar wa fitila, fanka da cajin kwamfuta.

Malam Audu mai gyaran famfo: Ƙarin bayani Hajiya, a sa shi ya kalli kudu, don da hunturu rana can take karkata. Kuma idan tanki ya ƙafe, kul a tura masa ruwan sanyi da tsakar rana. Na ga inda aka yi, bututu uku suka fashe nan take. A jira dare.

Maryam: Mama, ni ɗaliba ce, akwai irinsa a gidanmu. Ruwan na kwana da zafinsa, amma masu lacca ƙarfe 7 sukan ƙarar kafin mu tashi. A kafa doka, kowa rabin bokiti ya sirka.

Sani: Mu baƙar jarka muke shanyawa a rana. Wankan yamma sai son barka, amma kafin asuba ta koma ƙanƙara 😂

Malam Audu mai gyaran famfo: Kuma a riƙa goge ƙurar hazo duk mako, har da na farantan solar.

Hajiya Rabi, Samaru: Allah ya saka da alheri. Injiniya, mai lita nawa zan nema?

Injiniya Bashir: Ɗalibai nawa ne a kowane ɗaki? Kada ki ba ni na takardar haya, ki haɗa da 'yan maƙale.