Gwajin ƙalubale ko gwajin tsokana?

Malamai masu fassarar harkar lafiya, ku matso kusa. Akwai gwajin gano asma da likitocin ƙirji ke kira bronchial challenge test, na ga ana ta mayar da shi "gwajin ƙalubale". Ni dai bai kwanta mini ba.

Ga yadda ake yin sa. Mutum zai hura iska iya ƙarfinsa cikin na'urar awon numfashi, a rubuta yawan iskar da ya fitar a daƙiƙar farko. Sai a ba shi feshin metakolin ko histamin ya shaƙa, maganin da ke sa naman da ya kewaye hanyoyin iska ya tsuke. Da ɗan kaɗan ake farawa, ana ninkawa, bayan kowace shaƙa ya sake hurawa. Da zarar iskar ta ragu da kashi 20 cikin 100 sai a tsaya, a ba shi salbutamol hanyoyin su buɗe.

Hujjata tana jikin mai lafiya. Mai asma, ɗan mitsitsi ya ishe shi. Mai lafiya kuwa, sau da yawa a kai shi har miligiram 16 na metakolin a kowace mililita, iyakar da ƙungiyar likitocin ƙirji ta Amurka ta gindaya a 1999, bai faɗo da kashi 20 ɗin ba. Ko an ƙara, tsukewar takan kai wani mataki ta tsaya cak. Abin mamaki ma, in ya ja dogon numfashi kafin shaƙar, tsukewar na raguwa, kariyar da mai asma kan rasa. Wato taɓa hanyoyin ake yi da gangan a ga mai haƙuri da mai saurin hasala. Wannan ai tsokana ce. Ƙalubale kuwa abu ne da mutum ke dagewa ya ci, alhali nan dagewa ba ta hana naman tsukewa.

Wata 'yar'uwa ta kawo "gwajin tsuke huhu". Hajiya, a gafarce ni, ba huhun ne ke tsukewa ba, bututun iskar ne, kuma wa zai yarda ya zauna in an ce za a tsuke masa huhu? "Takala" ma an kawo, amma ƙamshin rigima ya yi mata yawa.

Na tsaya a kan "gwajin tsokanar hanyoyin iska", a baki a gajarta shi "gwajin tsokana". Wanda ya faɗo tun a shaƙar farko-farko, a rubuta masa "saurin tsukewa".