Don Allah a taimaka, injin wankina ya riƙe ruwa ya ƙi fitarwa

Mai jego, Unguwar Dosa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kaina ya ɗaure. Injin wanki ne mai ƙofa a gaba, wanda yake wankewa ya kuma busar. Na hannu ne, maigida ya saya min ina da cikin wata bakwai bayan likita ya hana ni yawan sunkuyo. Kuɗin adashensa ya zuba a ciki, kuma tun ranar da aka shigo da shi Hajiyarsu take cewa almubazzaranci ne, ita da hannu ta yi wa 'ya'ya tara wanki. Yau kwanana 23 da haihuwa, ga damina, shanya sai ta kwana biyu a igiya ba ta bushe ba. Shekaranjiya na zuba kayan jaririya da zanin gado, ya wanke lafiya, da ya zo matsewa sai ya tsaya yana gurnani. Ruwa ya kai rabin gilashi, ƙofa ta ƙi buɗuwa. Dama kusan mako biyu ke nan in na sa busarwa kaya na fitowa da zafi amma a jiƙe. Maigida yana Kano sai Juma'a, Hajiya kuma gobe za ta zo. Kayan har sun fara tsami. Ya zan yi?

Maman 'yan biyu: Wa alaikumus salam. Barka da arziki, Allah ya raya. Kada ki ja ƙofar da ƙarfi don Allah, haka na ɓalle mariƙin nawa.

Mai gyara, Panteka: Hajiya kwantar da hankalinki, injin bai mutu ba. Gurnanin nan famfon fitar da ruwa ne yake son juyawa wani abu ya tokare shi. Ƙofar kuma da gangan ta kulle, muddin akwai ruwa ba za ta saki ba. Fara zare filogi daga soket. Ki duba ƙasa ta gaba, yawanci ɓangaren dama, akwai 'yar ƙaramar ƙofa. Bayanta za ki ga murfi mai zagaye, wasu kuma har da siririn tiyo mai toshi. Shimfiɗa tawul, kawo faranti mai faɗi, ki tsiyaye ruwan ta tiyon kaɗan-kaɗan kina juyewa a bokiti. Sai ya ƙare za ki murɗe murfin ta hagu. Abin da nake cirowa a gidajen Kaduna kullum ɗaya ne: fil ɗin mayafi, duwatsun leshi, ƙarfen rigar nono, safar jarirai, da yashin bohol ya cakuɗe da zare. Sa yatsa ki taɓa 'yar fankar da ke ciki ki ji ko tana juyawa. Wane rubutu yake nunawa? In ruwa ya ƙi fita, injin LG kan rubuta OE, na Samsung 5E ko 5C.

Anti, Malali: Ni dai 'yar'uwa ki yi hankali da masu gyara. Wani na kira bara, ya ce famfo ya ƙone, ya tafi da shi wai zai kawo sabo. Wata biyu ina bin sa a waya, ƙarshe tsohon nawa ya goge ya dawo min da shi. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Mai gyara, Panteka: Shi ya sa ban ce ta kira kowa ba Anti. Aikin minti ashirin ne, da hannunta.

Abban yara, Rigasa: Ni ina ganin wuta ce. Injinan nan wuta mai ƙarfin volt 220 suke so, mu kuwa a nan wani lokacin ko fanka da ƙyar take juyawa. Nawa ya yi wannan gurnanin, da na sa masa sitabilaiza shi ke nan. Mu kwana huɗu ke nan ma ba mu ga wutar ba, ga bil yana zuwa kamar kullum.

Mai jego: Na gode ƙwarai. Wutarmu lafiya lau take, firij ma yana aiki. Kuma ni ba na barin fil a kaya, sai na duba ɗaya bayan ɗaya. Ƙofar ƙasan nan ban taɓa buɗewa ba, wanda ya sayar mana bai ce a taɓa wurin ba.

Maman 'yan biyu: Wane omo kike zubawa? In na wankin hannu ne kumfa yake cikawa, injin ya kasa jan ruwa.

Mai jego: Wanda kowa ke amfani da shi ne, kuma kayan jarirai ai dole a sa da ɗan yawa.

Mai gyara, Panteka: Ba dole ba ne Hajiya, mai ƙofar gaba ruwa kaɗan yake sha, kumfa cutar da shi yake. Amma maganar busarwa ta fi ɗaukar hankalina. Irin wannan injin da ruwan sanyi yake sanyaya tururi ya koma ruwa, famfon nan ɗaya ne kuma ke fitar da shi, tare da duk zaren da kaya suka zubar. Tun mako biyu yake gaya miki hanya ta fara toshewa. Tiyon baya ina yake zuba ruwa?

Mai jego: Ta taga muka fitar da shi zuwa kwata. Bai kai ba, sai mai gyaran famfo ya ƙara masa wani ya ɗaure da roba. Tagar ta kai kafaɗata.

Mai gyara, Panteka: To ga rabin matsalar nan. Bai kamata bakin tiyo ya wuce mita ɗaya daga ƙasa ba, tsakanin santimita 60 zuwa 100 ake so. Kin sa ƙaramin famfo yana tura ruwa sama kamar na tanki, ga mahaɗa a tsakiya inda datti zai taru. Sauke tiyon ƙasa cikin baho yanzu, sau da yawa ruwan da kansa yake gangarowa.

Mai jego: Amma Malam wata uku yana aiki a haka bai taɓa tsayawa ba. Gidan haya ne, mai gidan hayar ya hana a fasa bango, kuma maigida ne ya tsaya aka yi aikin. Ba zan iya cewa ya yi kuskure ba.

Yaya, Kawo: Tafasa ruwa ki jiƙa kanwa ki zuba ta wurin omo, zai narkar da komai. Haka nake wa sinkina.

Mai gyara, Panteka: Kada ki ƙara masa ko kofi ɗaya. Kanwa ba ta narkar da safa.

Anti, Malali: Ni surukar ce ma ta tsaya min a rai. Tawa har yau ba ta cin tuwon da aka tuƙa a gas. Ki rufe injin da zani kawai har ta tafi.

Mai jego: Na buɗe 'yar ƙofar, nawa babu siririn tiyon. Na murɗa murfin kaɗan ruwa baƙi mai wari ya fara malala har ƙarƙashin firij, na tsorata na mayar. Yanzu kuma yana ɗiga. Tiyon taga ban taɓa shi ba tukuna. Yarinya ta tashi, bari in ba ta nono. Malam in an tsiyaye ruwan ƙofar da kanta za ta buɗe, ko sai an mayar da wuta?

Abban yara, Rigasa: Gwada shi da janareta tukuna ki gani.