Bazarar Kanada: ina kuke zuwa idan an rufe makaranta?

Sadiya, Winnipeg: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wannan ce bazarata ta farko a ƙasar nan. Mun gama jarrabawa tun ƙarshen Afrilu, kuɗin jirgi bai bar ni na je gida ba, kuma ban da aiki na kwana huɗu a mako, zaman ɗaki kawai nake yi. Ga rana ta ƙi faɗuwa, ga kaɗaici. Don Allah waɗanda suka riga mu zuwa, me kuke yi da wannan lokaci? Ba ni da mota, ba ni da wani kuɗin kirki.

Bashir, Edmonton: Wa alaikumus salam ƙanwata. Abin da ya fara rikita ni shi ne lokacin sallah. A ƙarshen Yuni a nan, sai bayan ƙarfe 10 na dare rana take faɗuwa, kafin ƙarfe 5 da 'yan mintuna ta sake fitowa. Ki yi Magariba, ki jira Isha, ido bai gama rufuwa ba Asuba ta yi. Mako biyu na yi ina yawo kamar mara lafiya, sai da na sayi labule mai kauri na kuma koyi ƙailula bayan Azahar. Amma wannan doguwar ranar ita ce ribar. Ina tashi daga aiki ƙarfe 6, in ɗauki keken da na saya na hannu, in gangara bakin kogin North Saskatchewan da ya ratsa garin. Hanyoyin keke ne cikin bishiyoyi, sai ki yi awa biyu ba ki haɗu da mota ba. Ko sisi ba na kashewa. Ku ma kuna da The Forks, inda kogin Red da na Assiniboine suka haɗu, kuma bas na zuwa. Fara da can.

Sadiya, Winnipeg: Na gode Yaya Bashir. Na je sau ɗaya da yamma, sauro ya kore ni.

Bashir, Edmonton: Sauron Winnipeg ai sananne ne. Ba ya kawo zazzaɓin cizon sauro irin na gida, amma ki shafa magani, ki sa riga mai dogon hannu.

Maman Ilham, Ottawa: Sadiya 'yata, ni da yara biyu na zo karatu, don haka fita ta zame mini dole. Mu a gida idan an ce bazara, zafi ne da ƙura da jiran ruwan sama. A nan kuwa abin da suke kira bazara ya fi kama da daminarmu: ko'ina kore shar, ciyawa ta tashi, a yi tsawa da yamma a sheƙa ruwa. Ranar da na fara jin ƙamshin ƙasa bayan ruwa a Gatineau Park, hawaye na yi, don Funtua ce ta faɗo mini a rai.

Wurin yana tsallaken kogi ne, a ɓangaren Quebec, ba nisa daga tsakiyar Ottawa. Akwai wani tafki a ciki, Pink Lake, wanda ruwansa kore ne, sunan wasu iyali da suka zauna a yankin ne aka sa masa. Ba a yarda a yi wanka a ciki ba, zagayawa kawai ake yi ta matakalan katako, kuma ƙaramata mai shekara 6 ta gama zagayen da ƙafarta. Abu ɗaya nake roƙonki: kaska. Tana cikin doguwar ciyawa, kuma wata tana ɗauke da cutar Lyme. Ki cusa ƙafar wando cikin safa, idan kin dawo ki duba jikinki, musamman bayan gwiwa da cikin gashi. Na taɓa cire wa ɗana ɗaya a bayan kunne, muka kai shi aka duba, Allah Ya tsare.

Ki riƙa duba yanayin iska a waya ma kafin ki fita. A Yunin 2023 hayaƙin gobarar dajin Quebec ya rufe mu, sama ta yi ja kamar hazon hunturu, yara suka kwana biyu ba su leƙa waje ba.

Nafisa, Saskatoon: A watan Yuli muna haɗa kuɗin mai mu je gonakin bayan gari tsinkar 'ya'yan itacen da garin ya samo sunansa daga gare su. Ƙanana ne, baƙaƙe-baƙaƙe, suna tuna mini da ɗinya. Ka cika bokiti da hannunka, a auna, ka biya. Na daskarar da nawa, har Disamba ina zubawa a kunu.

Auwal, St. John's: Ku kuna maganar zafi, mu a Newfoundland a watan Yuni ma da rigar sanyi nake fita, hazo kuma sai ya rufe gari ba sallama. Amma abin da na gani a nan ban taɓa jin labarinsa ba. Wani abokin karatuna ɗan garin ya kira ni wata yamma ya ce in ɗauko bokiti. Muka je Middle Cove, 'yar tafiya kaɗan daga gari. Wasu ƙananan kifaye da ake kira kafilin suna zuwa gaɓar teku su zuba ƙwai, igiyar ruwa na turo su har kan tsakuwa, gaɓar duk ta koma fari fat tana walƙiya. Tsofaffi da yara kowa na kwasa, wani da koma, wani da hannu. Ni ɗan Argungu ne, na tashi ina ganin kamun kifi, amma ban taɓa ganin kifi ya kawo kansa tudu ba. Can nesa kuma ga manyan namun tekun nan da ke bin kifin suna feso ruwa sama. Na soya nawa da yajin da Inna ta ƙullo mini, na kira ta a waya tana kallo.

Gargaɗi ɗaya, don na ga yadda wasu namu ke yi: ruwan ƙasar nan yana da sanyi ko da rana na dukan ka. Wanda bai iya iyo ba kada kunya ta hana shi sa rigar ceto idan an shiga kwalekwale.

Sadiya, Winnipeg: Allah Ya saka muku da alheri. Anti, na sayi maganin sauro da doguwar safa. Jiya bayan La'asar na koma The Forks, na zauna bakin ruwa har aka kusa Magariba, na haɗu da wata 'yar Maraɗi da ke karatun jinya, ita ma ita kaɗai take. Mun yi da ita ranar Asabar za mu je Assiniboine Park, ni zan yi dambun shinkafa, ita za ta kawo zoɓo da tabarma. Duk wanda ke Winnipeg ya zo, ƙarfe 5 za mu haɗu.